Darasin Takardu: Izinin Iyaye Kafin a Yi wa Yaro Fasfo

Ya ku iyaye maza da mata na Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, da ƴan'uwa da ke zaune a garuruwan kewaye. Darasinmu na wannan fitowa a kan takarda guda ne, wato wadda uba ko uwa ke sa wa hannu domin a yi wa yaro fasfo ko takardar tafiya. Da Faransanci ana ce mata autorisation parentale. Iyalai suna bukatarta idan yaro zai je wurin mahaifinsa a wata ƙasa, ko zai tafi magani ko karatu, ko kuma an karɓi iyalin domin sake tsugunarwa a ƙasa ta uku. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman iyaye mata da kakanni masu riƙon jikoki.

1. Me ya sa ake neman wannan takarda?

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijar da Najeriya duka suka amince da ita, ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro. Yaro ba ya nemar wa kansa fasfo, sai wanda ke da alhakinsa ya yarda.

Jami'in da ke zaune a ofishin fasfo bai san ku ba. Idan mutum ya shigo riƙe da hannun yarinya ya ce ƴarsa ce, jami'in ba shi da hanyar sanin ko uban ne, ko kawu ne, ko wani ne da ya ɗauke ta ba da sanin kowa ba. Fasfo kuwa yana buɗe iyaka. Duk mun ji labarin yaran da aka kai bara Aljeriya, da ƴan matan da aka kai aikatau nesa aka karɓe musu takardu. Nijar tana da doka ta musamman a kan fataucin mutane tun 2010. Takardar izini tana cikin shingayen da aka kafa domin kada yaro ya fita ƙasa iyayensa ba su sani ba. Don haka idan an tsananta muku tambaya a kanta, ɗanku ake karewa.

2. Tambayar farko: wace takardar tafiya ce ta dace da yaronku?

Kafin ku rubuta komai, ku san matsayinku, domin ba kowa ne ke bin ƙofa ɗaya ba.

Na ɗaya, iyalin da suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara ko Katsina aka yi musu rajistar ƴan gudun hijira. Yarjejeniyar Jeniba ta 1951, a sashe na 28, ta ce ƙasar da ta karɓi ɗan gudun hijira ita ke ba shi takardar tafiya. Ke nan gwamnatin Nijar ce ke bayarwa. HCR ba ta buga fasfo, taimakawa take yi wajen haɗa takardu. Ana fara maganar ne daga hukumar CNE, wadda ke kula da matsayin ƴan gudun hijira bisa dokar Nijar ta 1997. Wannan takarda ba ta ɗauke muku neman biza ba, kuma a al'ada ba a shiga ƙasar da aka gudo da ita.

Na biyu, iyalin da ke son fasfon Najeriya. A nan a yi hattara sosai. Ita dai yarjejeniyar ta 1951 ta ce mutum yana iya rasa matsayinsa idan da son ransa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa, kuma neman fasfo da karɓarsa daga ofishin jakadancin ƙasar mutum ana iya ɗaukarsa a haka. Karɓar takardar haihuwa ko ta aure daga gida ba a lissafa shi a wannan layi. Mun san da yawanku ƴan bindiga ne suka kore ku, ba gwamnati ba, amma duk da haka kada wanda ke riƙe da katin gudun hijira ya kama hanyar ofishin jakadancin Najeriya a Yamai kafin ya zauna da jami'in kariya. Ga wanda wannan hanya ta dace da shi, hukumar shige da fice ta Najeriya tana neman takardar haihuwar yaro, lambarsa ta NIN, shaidar cewa uba ko uwa ɗan ƙasa ne, da wasiƙar izinin iyaye.

Na uku, ƴan Nijar da rikici ya tayar daga ƙauyukansu ko suka dawo daga Najeriya. Su fasfon Nijar za su nema, wanda hukumar ƴan sanda ta ƙasa ke bayarwa, kuma za a nemi takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa tare da izinin iyaye.

A lura: haihuwar yaro a nan ita kaɗai ba ta mayar da shi ɗan Nijar. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan Najeriya ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasar ne.

3. Mene ne ma'anar hatimi?

Takardar da ka rubuta a gida ka sa mata hannu ba ta wadatar, domin kowa na iya rubuta irinta da sunanka. Sai wani jami'in da hukuma ta yarda da shi ya shaida. Akwai abu uku da mutane ke haɗawa su kira su duka "legalize", alhali kowanne daban ne.

Tabbatar da sa hannu. Jami'i a meri, wato ofishin magajin gari, ko a komisariya, yana duba katinka, ya ga ka sa hannu a gabansa, sannan ya manna kan sarki ya buga hatimi. Abin da hatimin ke cewa shi ne: wannan mutum ya zo da kansa, na ga shaidarsa, shi ya sa hannu. Hatimin bai ce abin da ke cikin takardar gaskiya ne ba, kuma bai ce ka fahimce shi ba. Wannan nauyi yana kanka.

Tabbatar da kwafi. Ana kawo takarda ta asali da fotokwafinta, jami'i ya gwada su ya buga hatimi a kan kwafin cewa daidai yake da na asali. Haka ake yi wa takardar haihuwa da katin shaida.

Takardar noter. Noter jami'in shari'a ne mai ofishin kansa, wanda ake rubutawa notaire. Shi ke tsara takardar, ya karanta wa mai ita, ya sa hannu tare da shi, ya ajiye na asali a rumbunsa. Ta fi ƙarfi, ta kuma fi tsada, kuma sai an shiga birni kamar Maraɗi. Wasu ofisoshin jakadanci ita suke nema.

Ku tambayi ofishin da zai karɓi takardar wanne daga cikin ukun yake so, da wane harshe, da kwafi nawa. Matambayi ba ya ɓata. Kuɗin mota zuwa Maraɗi sau biyu ya isa cefanen kwanaki.

4. Abin da dole ya kasance a cikin takardar

- Cikakken sunan mai ba da izini, ranar haihuwarsa da garin, lambar katinsa, da inda yake zaune yanzu.
- Dangantakarsa da yaron: uba, uwa, ko mai riƙo da kotu ta naɗa.
- Cikakken sunan yaro, ranar haihuwa da wurin, kamar yadda suke a takardar haihuwa, harafi da harafi.
- Abin da aka ba da izini a kai, a fili.
- Sunan wanda zai raka yaron ofis da lambar katinsa, idan ba iyayen ne za su kai shi ba.
- Gari, kwanan wata, da sa hannu.

Ga ma'anar abin da za a rubuta muku da Faransanci ko Turanci:

"Ni, wane ɗan wane, an haife ni ranar kaza a gari kaza, mai kati lamba kaza, mazaunin wuri kaza, mahaifin yarinya wance, wadda aka haifa ranar kaza a gari kaza, na yarda a yi mata takardar tafiya. Na wakilta ƙanena wane, mai kati lamba kaza, ya kai ta ofis domin wannan aiki kaɗai. An rubuta a gari kaza, ranar kaza."

Ku kula da kalmar "kaɗai". Izinin yin fasfo daban, izinin fita ƙasa da yaro daban. Idan yaro zai yi tafiya ba tare da ku ba, ana yin takarda ta biyu mai sunan mai rakiya, ƙasar da za a je, dalilin tafiya, ranar fita da ranar dawowa. Takardar da ta ce "na yarda ya tafi da shi duk inda ya so" ba ta da iyaka, kuma ba za ku iya tsayar da mai riƙe da ita a bakin iyaka ba.

5. Matakai, ɗaya bayan ɗaya

Mataki na 1. Ku zo teburin kariya da katin iyali da takardar haihuwar yaro, a tantance hanyar da ta dace da ku.

Mataki na 2. Idan yaron ba shi da takardar haihuwa, daga nan za a fara. A Nijar ana shelar haihuwa kyauta cikin kwana 60, a asibitin da aka haihu ko a cibiyar rajista. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu alƙali ya ba da hukuncin da ke maye gurbinta. Idan kun ji alƙali zai zo zaman yin takardu a yankinku, kada ku bari ya wuce ku.

Mataki na 3. A rubuta takardar, amma kada a sa hannu. A bar wurin a sarari.

Mataki na 4. A karanta muku ita da Hausa daga farko har ƙarshe. Wanda zai fassara ya zama ba shi da wata riba a cikin tafiyar. Dillalin da ya kawo maganar bai dace ya zama tafinta ba. Mu a ofis muna yin wannan aiki kyauta.

Mataki na 5. Mai sa hannu ya je da kansa, da katinsa na asali. Ba a aika ɗa, ba a aika ƙane, miji ba ya sa wa mata hannu, mata ba ta sa wa miji.

Mataki na 6. A sa hannu a gaban jami'i. Wanda bai iya boko ba ya faɗa tun farko domin a ba shi tawada ya dangwala yatsa. Wanda ya saba sa hannu da ajami ya yi da ajami, muddin irin wanda ke katinsa ne.

Mataki na 7. Kafin ku fita, ku duba akwai hatimi, kan sarki, kwanan wata, da sunan jami'in. Abin da kuka biya a ba ku rasit.

Mataki na 8. Ku yi fotokwafi, ku ɗauki hoto a waya, ku sa na asali a leda ku ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Wasu ofisoshi ba sa karɓar izinin da ya yi watanni, saboda haka kada a yi shi tun kafin sauran takardu su haɗu.

6. Idan ɗaya daga cikin iyaye ba ya nan

Wannan shi ne halin gidaje da yawa a cikinmu. Wasu ofisoshi hannun mutum ɗaya ya ishe su. Wasu kuma, musamman na biza da na sake tsugunarwa, na uba da uwa suke so. Shawararmu ita ce, idan duka biyun suna raye kuma ana samunsu, duka su sa hannu.

Uba yana ci-rani ko ya koma Najeriya. Ba sai ya zo ba. A Najeriya yana iya zuwa wurin lauyan da ke da lasisin notari, ko wurin kwamishinan rantsuwa a rajistar kotu, ya sa hannu a can, ya aiko da takardar ta asali tare da kwafin katinsa. Idan yana wata ƙasa, ya je wurin noter na can. Hoton WhatsApp yana nuna mana an yi aikin, amma yawancin ofisoshi takardar hannu suke karɓa.

Uba ko uwa ta rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ke raye shi ke sa hannu, a haɗa da takardar mutuwa. Idan rasuwar ta faru lokacin hari ko a hanya babu wanda ya rubuta, ku zo mu nuna muku yadda ake neman shaida ta kotu, da irin shaidun da ake bukata.

An sace shi, ko an rasa inda yake. Kada a rubuta cewa ya mutu alhali ba a tabbatar ba, kuma kada wani ya sa hannu da sunansa. A faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Ana buɗe neman dangi ta hannun ƙungiyar Red Cross, wadda a nan ake kira Croix-Rouge, kuma alƙali yana iya ba uwa ikon sa hannu ita kaɗai. Hanyar tana da tsawo, amma takardar da ta fito daga cikinta babu mai ture ta.

Aure ya mutu. Saki ba ya cire uba daga zama uba ko uwa daga zama uwa. A kawo takardar saki da hukuncin da ya nuna wanda ke riƙon yaro. Idan ɗaya ya ƙi sa hannu, ana fara sulhu, in ya gagara alƙali ya yanke bisa abin da ya fi wa yaron alheri. Ƴar'uwa, idan tsohon mijinki ya taɓa cutar da ke ko kina tsoron ya san inda kike, kada ki neme shi da kanki. Ki faɗa wa jami'ar kariya a keɓe, maganarki ba za ta fita ba.

Yaron riƙo. A al'adarmu goggo, inna, kawu ko kaka suna ɗaukar yaro su raine shi kamar nasu, kuma babu mai cewa komai. Amma a ofis riƙo ba ya zama haihuwa. Baba ko Inna da ke riƙon jika, ba za ku sa hannu a matsayin mahaifi ko mahaifiya ba. Ko dai iyayen su ba da izini, ko kotu ta naɗa ku masu riƙo. Haka nan abokiyar zama ba ta sa hannu a madadin uwar da ta haifa, ko da ita ta shayar da yaron. Yaron da ya rabu da iyayensa, ma'aikatan kare yara suna zama da shi da masu riƙonsa su duba abin da ya fi masa kafin a yi maganar tafiya.

Shi ma yaron a ji ta bakinsa. Wanda ya yi wayo a gaya masa inda za shi, wurin wa, da kuma yaushe zai dawo. Yarjejeniyar 1989 ta ba shi haƙƙin a saurare shi a kan abin da ya shafe shi.

7. Sunaye: inda takardu suka fi maƙalewa

Makarantar Najeriya tana rubuta suna da tsarin Turanci, ofishin Nijar da tsarin Faransanci. Usman ya koma Ousmane, Shu'aibu ya koma Chaibou, Zainabu ta koma Zeinabou, Yusufu ya koma Issoufou. A kunnenmu suna ɗaya ne. A idon jami'in biza mutum biyu ne. Haka idan a wata takarda an bi sunan yaro da na uba, a wata kuma da na kaka ko na gari.

Ku shimfiɗa takardun gida duka a tabarma: katin iyali, takardar haihuwa, katin allura, takardar makaranta. Mai karatu ya gwada suna da ranar haihuwa a kowacce. Idan an ga bambanci, a kawo a gyara a ofishin da ya ba da takardar. Kada a kankare, kada a shafa farin ruwa, kada a gyara da biro. Takardar da aka taɓa da hannu ana ɗaukarta jabu ko da gyaran gaskiya ne. Sunan gida irin su Ladi, Tanko ko Auta ba ya shiga sai in shi ne a takardar haihuwa.

8. Abubuwan da za a guje wa

Kada ku sa hannu ko ku dangwala a farar takarda, ko a fom ɗin da aka bar wasu gurabe a ce za a cike daga baya. Wanda ya riƙe hannunku a farar takarda yana iya rubuta kowane suna da kowace ƙasa a samansa.

Kada ku ba kowa katinku ya tafi da shi ya dawo muku da hatimi. Hatimin da aka buga ba ku nan, ko na jabu ne ko an karya ƙa'ida wajen buga shi. Yin takardar jabu da amfani da ita laifi ne a dokar Nijar da ta Najeriya. Idan aka gano a fayil ɗin sake tsugunarwa, ana iya dakatar da fayil ɗin gidan gaba ɗaya.

Kada ku ƙara ko ku rage wa yaro shekaru, kuma kada ku sa ɗan wani a cikin ƴaƴanku don tausayi. Idan kuna riƙe da maraya, ku faɗi haka, akwai hanyarsa.

Duk aikin HCR da ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita kyauta ne. Kan sarki, kuɗin noter da kuɗin fasfo ana biyansu ne a ofishinsu da rasit. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa ɗanku a jerin masu tafiya, ku kawo maganarsa teburin kariya ko ku jefa a akwatin ƙorafi. Ba za a bayyana sunanku ba.

9. Tambayoyin bita

Muna so shugabannin unguwa da ƙungiyoyin mata su tattauna waɗannan a zamansu na gaba:

1. Wa ke ba ɗan gudun hijira takardar tafiya, HCR ko gwamnatin Nijar?
2. Me ya sa mai katin gudun hijira zai ga jami'in kariya kafin ya nemi fasfon Najeriya?
3. A ina ake sa hannu, a gida ko a gaban jami'i?
4. Mene ne bambancin izinin yin fasfo da izinin fita ƙasa?
5. Kaka da ke riƙon jikanta, me take bukata kafin ta sa hannu?
6. Idan sunan yaro ya bambanta a takardu biyu, wa ke gyarawa?

Wanda ke da magana irin wannan a gidansa ya zo teburin kariya ranar da yake zama a unguwarsa, ya taho da duk takardun da yake da su, ko da sun yage ko ruwa ya taɓa su. Akwai tafinta namiji da mace. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a nan da can gida. Amin.